Babanta na son ta zama likita, ita kuma ta samu koyon aiki a kamfanin magani

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Damagaram ce, amma mun daɗe muna zaune a Amurka, kusa da birnin Raleigh a jihar Karolina ta Arewa. Maigidana malamin makaranta ne a gida, a nan kuwa direban babbar mota ne. 'Yarmu ta fari shekararta 19. Bara ta gama sakandare da sakamako mai kyau, jami'a ta ba ta gurbi, sai dai kuɗin ya fi ƙarfinmu in ba bashi aka ci ba, don haka ta dakata. Tana cikin jira ta yi wani gajeren kwas mai suna BioWork a kwalejin da ke kusa da mu. Yanzu wani kamfanin haɗa magunguna ya ɗauke ta koyon aiki na shekara biyu, za su riƙa biyan ta albashi, sun kuma ce za su biya mata karatu.

Da ta gaya wa babanta sai ya ce bai bar ajinsa ya zo yana kwana a kan titi don 'yarsa ta zama lebura ba. Tun tana ƙarama ya gaya wa dangi likita za ta zama, har Dakta suke ce mata a waya. Yau sati biyu ke nan in ta gaishe shi da ka yake amsawa. Ni kuma ina tsakiya. Ina ganin yadda ranta ke son abin, amma ina tsoron aikin dare, da maganar hijabi da salla, da abin da mutane za su ce in maganar aure ta taso. Kamfanin ya ba ta sati uku ta ba da amsa. Ki ba ni shawara don Allah.

Uwa mai neman mafita

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya shirya mana su.

Tunda kwanakin da aka ba ku ba su da yawa, ga ra'ayina tun daga farko: ki goyi bayan yarinyar ta karɓi aikin, muddin takardar da kamfanin ya ba ta ta cika wasu sharuɗɗa da zan zo kansu. Amma kada a yi komai a bayan idon Alhaji, kada kuma ki ɗauki fushinsa a matsayin taurin kai kawai. Akwai abin tsoro a wannan hanya, sai dai ba wanda shi yake hange ba ne.

In aka ce masa 'yarsa za ta koyi aiki a masana'anta, abin da ke faɗo masa a rai shi ne yaron gareji a gida: wanda boko ya ƙi, aka damƙa shi ga ubangida, ya yi shekaru yana wanke sassan inji da zuwa aike, ba albashi sai na kashewa, ranar yaye kuma sai yadda ta yiwu. Ki haɗa wannan da ciwon da yake ɗauke da shi. Mutum ne da ake tashi tsaye in ya shigo aji, yau ga shi yana neman wurin ajiye mota a tashar mai da tsakar dare. Abin da ke riƙe shi shi ne tunanin cewa wahalar a kansa za ta tsaya. Da yarinyar ta zo da wannan magana, sai ya ji kamar an ce masa duk a banza.

To bari mu duba aikin kansa, don na lura ko ke ba ki faɗi abin da za ta riƙa yi ba.

Magunguna irin su farasitamol haɗa sinadarai ake yi a samo su. Waɗanda ake yi a yawancin sababbin masana'antun yankinku kuwa rainon su ake yi. Ana ɗaukar rayayyun ƙwayoyin halitta, a dasa musu umarnin samar da wani sinadari, a ciyar da su, su kuma su fitar da maganin. Allurar insulin ta masu ciwon suga a da daga jikin shanu da aladu ake samun ta, har zuwa 1982 lokacin da hukuma a Amurka ta amince da ta farko da ƙwayoyin bakteriya suka samar. Da yawa daga cikin sababbin magungunan ciwon daji da na ciwon gaɓoɓi ana samun su ne daga wasu ƙwayoyi da aka ciro tun 1957 daga jikin wata 'yar dabba dangin ɓera, ake ta hayayyafa su har yau. Aikin yana farawa da 'yar kwalba ɗaya da aka ciro daga ƙanƙara. A narkar da ita, a zuba a ƙaramin mazubi, in ƙwayoyin sun yawaita a mayar da su mafi girma, a haka a haka cikin makonni har a kai ga tankin ƙarfe wanda a masana'antar kamfanin Fujifilm da ke garin Holly Springs kusa da Raleigh yake cin lita 20,000. Duk tsawon wannan lokaci akwai mai lura da ɗumi, da iskar da ke shiga, da tsamin ruwan, da abincin ƙwayoyin. Bayan nan a raba maganin da ƙwayoyin, a tace shi hawa-hawa, sannan a ɗura a kwalabe a ɗakin da ba a yarda ko ƙura ta shiga ba. Ƙwayar cuta ɗaya ta kutsa cikin tanki, sai a zubar da kaya na miliyoyin daloli.

Wanda ake ba amanar irin wannan tanki ba da ƙarfin damtse yake aiki ba. Aiki ne na lissafi, da natsuwa, da rubutu. Kowane mataki sai an rubuta, a sa hannu, a sa kwanan wata, sau da yawa kuma wani ya sake sa hannu a matsayin shaida, domin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana iya zuwa ta ce a buɗe mata littattafan. Ko kuskuren alƙalami aka yi ba a gogewa, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, a rubuta daidai a gefe. A nan ina da saƙo ga yarinyar kanta. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu da kunya da kawaici, yaro in ya yi ɓarna sai ya yi shiru don kada ya ɓata wa babba rai. A wannan aiki wanda ya yi kuskure ya faɗa nan take yawanci gyara ake masa, wanda ya ɓoye ko ya cike takarda da abin da bai yi ba shi ake kora. Ki gaya mata wannan tun kafin ranar farko.

Dalilin da ya sa kamfani zai biya 'yar shekara 19 don ta koyi aiki ba tausayi ba ne, hannaye suke nema. Jiharku a da da taba sigari da masaƙu da kayan katako aka san ta. A 1959 aka kafa dandalin bincike na Research Triangle a tsakanin Raleigh da Durham da Chapel Hill, tun daga nan kamfanonin magani suke ta taruwa. A 2024 kamfanin magani na Novo Nordisk ya sanar da zuba dala biliyan 4.1 a garin Clayton tare da sababbin guraben aiki 1,000. Abin da Fujifilm ya ce zai kashe a Holly Springs ya kai dala biliyan 3.2, kamfanin Amgen ma ya gina masana'anta a garin. Jami'o'i kaɗai ba za su iya cika waɗannan gurabe ba, kuma da yawa daga ayyukan ba sa buƙatar digiri a ranar farko. Shi ya sa aka jingina da kwalejojin al'umma 58 da jihar ke da su, shi ya sa ma aka ƙirƙiro kwas ɗin da ta yi.

Yanzu ga sharaɗin farko, kuma shi ne babba: ku tabbatar shirin mai rajista ne. A Amurka koyon aiki mai rajista yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1937, a jiharku kuma ofishin ApprenticeshipNC ne ke kula da shi. Mai rajista dole ya ƙunshi aƙalla awa 2,000 na koyo a bakin aiki, da karatun aji wanda ma'auninsa awa 144 ne a shekara, da gogaggen ma'aikaci da aka ɗora wa alhakin koyar da ita, da ƙarin albashi da aka rubuta tun farko cewa zai zo in ta kai mataki kaza. A ƙarshe ta fito da takardar shaida da ake amincewa da ita a duk faɗin ƙasar. Akwai kamfanonin da ke kiran shirinsu koyon aiki alhali ɗaukar sabon ma'aikaci ne kawai da 'yar horaswa ta cikin gida, wadda in ka bar su ba ka da abin nunawa. Ta tambaye su kai tsaye, ta nemi kwafin yarjejeniyar.

Sai maganar karatun da suka ce za su biya. Nan ne Alhaji yake da gaskiya ko da bai san ta nan take ba. BioWork kwas ne na kimanin awa 136. Ya isa ya buɗe ƙofa, amma ba difloma ba ce, kuma a yawancin kamfanoni akwai matakin da mutum zai kai a ce masa sai da digiri. Don haka ta gano wane irin karatu ne. Kwalejojin suna da difloma ta shekara biyu iri biyu. Akwai ta kimiyya zalla wadda aka tsara don wucewa jami'a, kuma akwai yarjejeniya tsakanin kwalejojin da jami'o'in jihar da ke ba mai ita damar shiga a matsayin ɗan shekara ta uku. Akwai kuma ta sana'a, wadda kamfanoni suka fi so, ita kuwa ba duk darussanta jami'a ke karɓa ba sai inda aka yi wata yarjejeniya ta musamman. Mutane da yawa sai sun gama suke gano wannan. Ta je wajen mai ba ɗalibai shawara a kwalejin da jerin darussan a hannu, ta ce ya nuna mata waɗanda za su bi ta zuwa jami'a. Ta kuma tambayi kamfanin: in na tafi kafin wa'adi, ko ku kuka sallame ni, zan mayar da kuɗin makarantar? In na gama, wane matsayi za a ba ni? Akwai tallafin digiri bayan nan? Dokar haraji ta ba kamfani damar biya wa ma'aikaci har dala 5,250 a shekara don karatu ba tare da an cire masa haraji a kai ba, kuma manyan kamfanoni da yawa suna da irin wannan tsari.

Kada kuma manyan alƙaluman da na kawo su ruɗe ku. Novo Nordisk ɗin da ya sanar da faɗaɗawa a 2024, shi ne a watan Satumba na 2025 ya ce zai rage ma'aikata 9,000 a duniya. Kamfanin Pfizer ma da kasuwar rigakafin korona ta faɗi, a 2023 ya sanar da tsuke bakin aljihu na dala biliyan 3.5. Sana'a ce mai albarka amma tana da hawa da sauka, kuma ranar sauka mai takarda ya fi saurin samun wani wurin. Haɗarin da na fi ji wa yarinyar ma ba kora ba ce. Shi ne daɗin albashi a shekara 19: a sayi mota bashi, a saba da kuɗin ƙarin awoyi, a ce karatu sai baɗi, baɗi ta zama shekara goma.

Akwai tambayar da ban ga alamar wani ya yi mata ba a gidanku. Ita tana son zama likita? Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki tambaye ta, ki yi shiru ki saurara. In har tana so, kuɗi ne kawai ya tsorata ta, to ku sani wannan aikin ba ita ce miƙaƙƙiyar hanyar likitanci ba, zagaye ne, ko da yake bai toshe ta ba tunda makarantun likita ba su da iyakar shekaru. In kuwa sunan Dakta riga ce da aka sa mata tun tana goye, gara a sani yanzu. Likitanci a Amurka shekara 4 ne na digirin farko, 4 na makarantar likita, sannan 3 zuwa 7 na ƙwarewa a asibiti, kuma waɗanda suka ci bashi sukan fito da kusan dala 200,000 a wuya. Bashin karatu na gwamnati ma da kuɗin ruwa yake tafe. Mutum irin Alhaji, da na tabbata yana kaffa-kaffa da riba, ya kamata a ajiye masa wannan lissafi a gaba, a kuma tuna masa cewa shekarar da ta wuce yarinyar zaman jira ta yi saboda kuɗin nan ne.

Mu dawo kan naki tsoron. Aikin dare gaskiya ne. Ƙwayoyin ba su san Asabar da Lahadi ba, don haka masana'antun ba sa tsayawa, kuma tsarin da aka fi bi shi ne awa 12 a jere, kwana biyu ko uku ana aiki, biyu ko uku ana hutu. Sabon shiga ba shi ke zaɓar lokacinsa ba. Ta tambaya tun yanzu ko masu koyo suna yin dare, da kuma yadda ake daidaita shi da ranakun aji. In har za ta yi, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tuƙin komawa gida da safe bayan an kwana a tsaye, ba zaman cikin masana'antar ba, inda ba mai shiga sai da kati. Ku shirya wanda zai riƙa ɗauko ta a makonnin farko, ko ta samu abokiyar aiki su riƙa tafiya tare. Kuma in ta dawo a bar ta ta yi barci. Kada a ce tunda tana gida da rana ita ce mai girki da kai ƙanne makaranta.

Hijabi bai kai yadda kike zato wuya ba. A ɗakunan da ake tsananta tsabta kowa a rufe yake daga kai har ƙafa, mace da namiji, da hular da ke rufe gashi da wuya, da takunkumi, da safar hannu, masu gemu ma sai sun rufe shi. Inda maganar take shi ne wajen sauya kaya, domin kayan gida ba sa wuce wani layi. Ta nemi a nuna mata yadda ɗakunan sauyawar suke, ta kuma nemi a amince mata da abin rufe kai da ya dace da ƙa'idarsu wanda za ta sa tun daga ɓangaren mata. Abin da za ta haƙura da shi a ranakun aiki shi ne kwalli, da hoda, da jan farce, da ɗan kunne, da zobe, a wurare da yawa har da turare. Humra da turaren wuta sai ranar hutu, lalle kuwa ta tambaya kafin ta ƙunsa, musamman gab da salla.

Salla da azumi ma magana ce ta a faɗa da wuri. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya yi wa ma'aikaci sassauci kan addininsa in ba zai jawo masa babbar wahala ba, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara tsaurara abin da kamfani zai nuna kafin ya ƙi. Sai dai doka ba za ta sa a bar tanki a tsakiyar aiki ba, kuma fita daga ɗakin tsabta da sake shiga yana cin lokaci saboda cire kaya da sa sababbi. Abin yi shi ne ta rubuta wa ofishin ma'aikata bayan ta karɓi aikin, kafin ta fara, ta faɗi lokutan da take buƙata da wurin da za ta yi salla, a daidaita su da lokutan hutu. Ranar da aiki ya riƙe ta har lokaci ya ƙure, wannan tambaya ce ta malami, ku kai wa limaminku.

Maganar aure ba zan daɗe a kanta ba. Namijin da zai gudu don yarinya tana haɗa magani a kamfani, da karatun likita ta shiga ma gudun zai yi, don wancan ya fi wannan cin dare.

Saura Alhaji. Kada ki tare shi ranar da ya dawo daga tafiya, kuma kada ki je masa a matsayin lauyar yarinya. In ta ɗaga murya ranar da aka yi maganar, ta fara ba shi haƙuri a kan wannan, ba tare da ta janye buƙatarta ba. Sannan ita da kanta ta kawo masa takardun: yarjejeniyar, jerin darussan, jadawalin albashi, da lissafin bashin jami'a a gefe. Malamin makaranta ne, ku bar shi ya karanta da jan biro a hannu, ya fito da tambayoyinsa, ita kuma ta kai wa kamfanin. Wanda aka ba aikin dubawa ya fi wanda aka zo sanar da shi saurin saukowa. In da hali ya bi ta kwalejin ya ga ɗakin gwaje-gwajen da idonsa, gani ya kori ji. A jami'ar NC State da ke nan Raleigh akwai cibiyar BTEC da aka buɗe a 2007 don koyar da wannan aiki, ya ga cewa masu digiri ma tankunan nan suke koyo. In abin ya ci tura, ki nemi babban da yake jin nauyinsa a cikin jama'arku, zai fi kyau in wanda ke aikin lafiya ne.

Ki ba shi abin da zai riƙe, don uba ba ya son a ce ya sauka hannu wofi. Ku yi alkawari ku uku: za ta yi shekara biyun, ba za ta ajiye aji ko zango ɗaya ba, wani kaso na albashin zai shiga asusun karatu da ba a taɓawa, ba sabuwar mota, in wa'adin ya cika kuma a zauna a yi maganar digiri. Ta kuma rubuta wa jami'ar da ta ba ta gurbi ta ji matsayinsa, ta sani cewa albashinta zai shiga lissafi ranar da za ta sake neman tallafin karatu.

Dangin da ke waya kuwa, in sun tambaya a ce musu tana aiki a kamfanin haɗa magunguna, kamfanin kuma yana biya mata karatu. In sati ukun ya kusa cika Alhaji bai gama dubawa ba, ta rubuta wa kamfanin ta nemi ƙarin mako guda, ba abin kunya ba ne kuma ana yi. Ki sake rubuto min in ji yadda aka ƙare da amsar rajistar.